Yatsa Uku a Motar Mutari

Mutari ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, amma tun yana rarrafe yake gabana. Ni Alkasum na gaji maƙerar mahaifinmu a Zango, ni na sha hayaƙi da zafin wuta, amma in ka shiga Damagaram ka tambayi ɗan maƙeri, gidan Mutari za a nuna maka. Yana ɗan shekara sha biyar ya ajiye guduma ya koma garejin manyan motoci. Abin da ya taɓa duk sai ya yi kyau, kuma ba ya girman kai, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Da yana da girman kai, da na samu abin kama shi.

A shekarar tamanin da huɗu, da ruwa ya ƙi sauka, manoma suka daina sayen fartanya, maƙerata ta yi sanyi. Shi kuwa a shekarar ya ƙarasa motarsa. Da hannunsa ya haɗa ta: injin wata tsohuwar ƙaramar mota, bututun gadon ƙarfe, gangar jiki daga durom ɗin da ya fasa ya miƙar. Kujera ɗaya gare ta, ba rufi, mutum biyu na iya ɗaga bayanta. Ba don kaya ya yi ta ba, don gudu kawai.

Abu ɗaya ya gagare shi: lam, wato faffaɗan ƙarafan nan da ake jerawa tsakanin taya da jikin mota don su shanye gargada. Ya ɗaura na wata akori-kura, falle bakwai. Ranar gwaji motar ta riƙa tuma da shi kamar jakin da aka tsikara, har ya ciji harshensa. Ya rage zuwa falle biyu, sai cikinta ya riƙa dukan duwatsu. Ranar nan ya shigo maƙerata ya durƙusa.

"Yaya, wannan aikinka ne. Ni ban san halin ƙarfe ba."

Ba zan ɓoye ba, na kwana uku ina jin daɗin maganar nan. Na zauna na fere falle uku, na gasa, na tsoma a baƙin mai, na buga alamar gidanmu a kan kowanne. Na ce ya hau kujera, na auna da hannuna.

"In ka zauna ta sauka yatsa uku, daidai ke nan," na ce. "In ta fi haka ta yi laushi, in ba ta kai ba ta yi tauri."

Ta sauka yatsa uku cif. Ya kama hanyar Mirriya kamar a kan tabarma, jama'a na ta ihu, sunansa kaɗai suke kira. Na haɗiye, na ce ba komai, ko ba a faɗa ba ƙarfena ne ke ɗauke da shi.

Wata biyar bayan nan ya zo gaishe ni, cikin babbar riga kamar kullum. Da ya koma kujera zai tafi, idona ya kai ƙarƙashin motar. Ba ta sauka yadda na saba gani ba. Na sa hannu: yatsa biyu. Nan take zuciyata ta ba ni cewa ya kai ta wajen Kyari, maƙerin Kara-Kara, ya sauya mini aiki a ɓoye. Abu ɗaya tak da ya taɓa nema a wurina, shi ma ya ƙwace ya ba bare.

"Da me Kyari ya fi ni?" na tambaye shi a gaban mutane.

"Wane Kyari, Yaya?"

Na shige ƙarƙashin motar ina huci, na goge ƙarafan da hannun rigata. Falle uku ne, alamar gidanmu na nan a kan kowanne. Ba wanda ya taɓa su. Ina kwance a nan na ga ƙafarsa ta leƙo daga wando, ƙwaurin kamar sillen kara. Na fito na dube shi sosai, abin da na daɗe ban yi ba, don na fi son kallon abin hannunsa da kallonsa. Wuyansa na yawo cikin riga.

Na shiga gida na tsare matata Barira. Na tambaye ta jar dawar da muke ci, wadda ta ce danginta ke aikowa daga Zermu.

"Malam, Zermun da ko kara ba a yanka ba?" ta ce. "Rabon Mutari ne da ake ba su a gareji. Rabi ga iyalinsa, rabi ga 'ya'yanka, shi kuma sai abin da ya samu. Ya rantsar da ni kada in faɗa."

Na zauna a bakin ƙofa. Na so in yi kuka, kukan ya ƙi zuwa. Allah ya yafe mini, abin da ya fara zuwa raina ba godiya ba ce. Cewa na yi, har a yunwar ma sai da yaron nan ya fi ni.