Ranar da na zauna kan tanon gazuwal

Na shigo zaure na tarar da wan mijina yana shirin mirgina tanon gazuwal ɗinmu, gangar man dizal.

Shekarar babban fari ce, a Badaguishiri. Maigida ya tafi ci-rani, ya bar mini man don injin ban-ruwan albasa. Wata da watanni ina adana shi a inuwa.

Wan mijina ya ce, "Ya daɗe kwance, sai an motsa shi."

Na ce, "Yaya, ba fura ba ce. Ruwa da datti na ƙasa. In ka tashe su suka gauraya da man, injin ya mutu."

Ban taɓa yi mishi musu ba, amma ranar na haye tanon na zauna har ya fita.

Albasar nan ce ta ciyar da mu. Ku fa, me kuka taɓa tsarewa haka?