Daddoyar Gwaggo da Waken Inna

Ni mai mantuwa ce, har maigida kan ce kaina rariya ne, abin da aka zuba da safe ba ya kai azahar. Amma bazarar da ƙwari suka shiga waken Inna, wannan kam ba zan manta da ita ba sai ranar da ƙasa ta rufe mini ido.

Bari in fara da waken, don kada wani ya ce wace irin mace ce ke tayar da hankalin dangi a kan wake. Innata, Allah ya jiƙanta, tana da wani irin wake da ta gada wurin tata uwar, a ƙauyenmu can gefen Kajiji ta ƙasar Shagari. Fari ne mai manyan ƙwaya, da ɗan jan baki kamar an ɗiga masa lalle. Ba ya cin itace wajen dahuwa, in kuwa aka yi alala da shi sai ka manta da nama. Aibinsa ɗaya, nawa. Sai kowa ya gama roro sannan yake nuna. Shi ya sa bayan rasuwarta yayyena maza suka watsar da shi suka koma wa irin zamani mai saurin nuna, kuma ban ga laifinsu ba, damina ta zama abin da ta zama. Ni dai da aka kawo ni aure Bodinga na zo da ɗan abin da ta ƙulla mini a bakin zane, kowace shekara maigida yana bar mini gefe a gonar gero ina shukawa.

A shekarar da nake ba ku labari ruwa ya ɗauke da wuri, abin da na samu bai cika ƙaramar tukunya ba. Duk duniya iyakarsa ke nan. Na gauraya shi da toka da barkono yadda Inna ke yi, na liƙe bakin tukunyar da laka, na tura ƙarƙashin gado. Da zafi ya kankama, albasa ta cika kasuwa, wata safiya na ce bari in leƙa. Ina fasa liƙin sai ga su, 'yan mitsi-mitsi, suna yawo a kan tokar nan hankali kwance. Innalillahi! Na ɗebo waken a tafin hannu, na ga wasu ƙwayoyin duk huda. Wallahi sai da na yi ƙwalla. Na shanya shi a rana suka watse, bayan kwana biyu sababbi suka fito daga cikin ƙwayar. Na kuma ji tsoron ci gaba da shanyawa, kada ranar bazara ta dafa mini iri. Damina kuwa da sauranta.

Maigida ya ce a jefa masa ƙwayar nan ta buhu da ake ce wa bom a huta. Na ce ba a ɗakina ba. Ina da goyo, ɗakin kwananmu nan ne ma'ajiyata, kuma na ga yadda maƙwabtanmu suka kwana amai a kan abin nan. Ya ce to in zauna in yi ta kallon ƙwari. Na ce na ji, zan kalla.

Ana haka sai ga Auta ta zo hutun ƙarshen mako. Ƙanwar maigida ce, autar gidansu, tana shekarar ƙarshe a karatun kimiyyar sinadarai a Sakkwato. Ni da ita ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba. Likitar ganye nake ce mata, don duk ciyawar da ta gani sai ta tsinka ta murza ta kai hanci. Ta tarar da ni a tsakar gida ina tsintar wake, fuska a murtuke.

"Matar Yaya, mi anka yi miki kika kumbura kamar alkubus?"

Na miƙa mata faifan. Ta ɗauki ƙwaro ɗaya a ɗan yatsa, ta yi murmushi kamar ta ga ɗan'uwanta. "Ai wanga shi nike kiwo cikin kwalba a makaranta."

"Kiwo? Mutane na kiwon shanu, ke kina kiwon ƙwari? Lalle boko ya kai ki inda ya kai ki."

Sai ta zauna ta yi mini bayani. Binciken kammala karatunta a kan man daddoya ne, daddoyar nan dai da muke jefawa a miya. Ta ce ƙamshin ganyen wani mai ne a cikinsa, ana tatso shi da tururi, kuma a gwajinta ƙwarin wake ba sa jure shaƙarsa. Sai dai man da ta tatsa ya ƙare, kuma kafin a samu ɗan kaɗan sai an tara ganye buhu guda. Ta ƙara da cewa ba ta yi mini alkawari ba, a kwalba ta gwada, ba a tukunyar kowa ba. Ni kuwa wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

A Bodinga a lokacin ba ka samun daddoya sai tushe ɗaya ko biyu a bayan ɗaki. Amma na tuna fadamar ƙauyenmu, inda take fitowa a gefen lambun Gwaggo ba mai kula ta. Gwaggo ƙanwar babana ce, ita ta rage mana a tsofaffi. Na buga mata waya, muka gaisa, na ce, "Gwaggo, ganyen daddoya nike so, buhu guda, ƙanwar maigidana ce ke bukata." Kun ji kalmar da ta jawo komai. Ita Gwaggo ba ta ji buhu ba, ba ta ji ganye ba, surukai kawai ta ji.

Na zata gobe ko jibi zan ga saƙo. Shiru. Kullum na buga sai ta ce, "Ana nan ana yi, ɗiyata." Ni ina ta mamakin me ake yi a tsinkar ganye, ƙwari kuwa ba su tafi hutu ba. Sai da mako ya zagayo sannan ɗan kabu-kabu ya yi sallama. Babu buhu. Langa ce ya miƙo, an naɗe ta da sabon ɗankwali. Na buɗe a gaban Auta da ta sake zuwa hutu, sai ga gari lukui, kore-kore, an tankaɗe shi kamar kukar gidan biki.

Auta ta kai hanci, ta sake kaiwa, ta dube ni. "Matar Yaya, ina daddoyar?"

Na buga wa Gwaggo, na sa a amsa-kuwwa. Murya cike da alfahari ta ce, "Haba ɗiyata! In aika ma surukanki ganye da ƙasa-ƙasa cikin buhu kamar abincin awaki? Mi za a ce da gidanmu? Matan gida na tara, munka wanke shi tas, munka baza bisa rufin kwano rana ta buge shi sosai, munka daka munka tankaɗe. Ke, gidan ga duk ya ɗau ƙamshi, ko sauro bai kwana wurinmu ba satin ga!"

Auta ta toshe baki da mayafi, ta kife a kan tabarma tana dariya har da hawaye. Ni kam ban ga abin dariya ba. Da na kashe wayar ta share ido ta ce man nan a wasu 'yan jakunkuna yake a jikin ganyen, waɗanda ido ba ya gani, kuma mai ne mai tashi, zafi na taɓa shi yake bin iska. Ƙamshin da ya cika gidan Gwaggo har ya kori sauro, shi ne maganin yana tafiyarsa. Abin da ke cikin langar nan gangar jiki ce kawai. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma da wa zan yi faɗa? Da tsohuwar da ta tara mata suka yi mako suna aiki don kada a raina ni a gidan miji?

Washegari na saɓa goyona, ni da Auta muka hau bas zuwa Shagari, daga nan 'yan kabu-kabu suka ɗauke mu a hanyar burji. Duk tafiyar ina tunanin yadda zan gaya wa Gwaggo ba tare da na karya mata zuciya ba. Da muka huta na ce uwar maigidana ta yaba garin, har ta sa a miya, kuma gaskiya ne ta sa. Sai dai makaranta ɗanye take so. Gwaggo ta taɓe baki ta ce, "Boko dai bai san mutunci ba."

Auta ta durƙusa a gabanta, ta murza ɗanyen ganye ta miƙa mata ta ce ta shinshina, sannan ta miƙa mata garin. Gwaggo ta shinshina wannan, ta shinshina wancan, sai ta ce, "To ashe sauro munka yi ma aiki." Ita ta fara dariya, sannan muka samu damar yin tamu.

Da asuba, kafin rana ta fito, muka shiga fadama da lauje mu uku. Raɓa ta jiƙa mana zannuwa, ƙamshin nan har yana yi mana yaji a ido. Muka cika buhu ba wanki ba tsinta. Abu ɗaya Gwaggo ta kafe a kai, sai an sa a sabon buhu an lulluɓe da zane, kada mutanen gari su ga abin da gidanmu ke aika wa surukai. Auta ba ta ko tsaya Bodinga ba, ta zarce Sakkwato da shi.

Ranar da ta dawo na ɗauko kwano ina jiran mai. Sai ta zaro wata 'yar kwalba irin ta turare ɗan duri, ita ma ba ta cika ba. Na ce, "Ke Likita, ina sauran? Ko a hanya kika sha?" Ta nuna mini hoton aikin a wayarta: ganyenmu a cikin tulun gilashi yana tafasa, tururi na bin bututu yana hucewa, ruwa na ɗiga, mai na taruwa a samansa siriri. Ta ce wata na'ura ta rarrabe man, ashe ba abu ɗaya ba ne, sinadarai ne barkatai a haɗe, ɗaya daga cikinsu ma shi ne ke cikin kanumfari. Har ta ce daddoyar fadamarmu ta fi wadda ta taɓa samowa daga Danchadi ƙarfin ƙamshi, wai ƙasa da lokacin yanka suna sauya abin da ke ciki. Wannan kam na ji daɗinsa, na ce dama komai namu na Shagari ya fi.

Muka ɗauko waken muka tsince masu huda, muka juye masu kyau a babban gwangwani mai murfi. Na kai hannu zan tuttule kwalbar a kai, ta buge mini hannu. "Za ki kashe ƙwari ki kashe iri! Shaƙa za su yi, ba wanka ba." Ta ɗiga kaɗan a auduga, ta ɗora a sama, ta rufe gam ta naɗe bakin da leda. Da muka buɗe bayan kwana biyu sai ga su a gindin gwangwani, ƙafafu sama. Na rangaɗa guɗa har maigida ya leƙo. Auta ta ce in dakata da murna, akwai waɗanda ke cikin ƙwayar ba su fito ba, sai an riƙa sabunta audugar. Haka na yi ta yi duk bazarar nan. Ba zan yi ƙarya ba, kusan rabin waken ya tafi, galibinsa a makon nan na jiran langa.

Tsorona na ƙarshe shi ne ko man ya kashe irin. Na ɗebi 'yan ƙwayoyi na naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, na ajiye gindin randa. Kullum da safe sai na buɗe, kamar mai duba jariri. Ranar da na ga fararen tsiro sun fasa ɓawo, na zauna a ƙasa na yi wa Inna addu'a, na daɗe ban tashi ba. Ruwa ya sauka, muka shuka, Allah ya ba da damina mai albarka.

Da kaka na yi alala na kai wa Gwaggo, Auta na biye da ni. Gwaggo ta kai loma ɗaya ta tsaya. Ta ce, "Wanga waken matar yayana ne." Ashe ita duk a zatonta ya ɓace tun da daɗewa, ni kuma ban taɓa gaya mata abin da ake neman daddoyar a kansa ba. Ta dubi Auta, ta dube ni, ta ce, "Haka ni da uwarki muke, kullum cikin faɗa, kwano ɗaya." Sannan ta rufe ni da faɗa, wai don me na zauna da iri ni kaɗai kamar kayan sata. A ranar ta karɓi nata irin. Auta ma da ta yi aure a Danchadi da shi ta tafi.

Abin da na koya biyu ne, kuma Gwaggo ce ta koya mini duka. In an ce ka kawo abu, tambayi me za a yi da shi kafin ka hau gyara, don garin neman gira ake rasa ido. Na biyun ya fi zauna mini: abin da kake tsoron rasawa, kada ka tura shi ƙarƙashin gado kai kaɗai. Har yanzu ina ajiye audugata a bakin gwangwani, amma ba ita ke sa ni barci ba. Yau ko ƙwari sun cinye nawa kaf, na san ƙofofin da zan yi sallama in ce a auno mini waken Inna.