Motar Burodi da Direban da Aka Sallama

Wata rana a wani garejin gyaran motoci a Gusau, ina zaune ina jiran a gama da tawa, aka shigo da wata farar bas ta raba burodi.

Mai gidan burodin da kanta ta biyo motar, wata hajiya. Ƙaninta ne ya tuƙo.

Ta ce motar ba ta da ƙarfi. Ko ɗan tudu ta tarar sai ta yi kamar za ta tsaya, ga shan mai ya wuce misali.

Ta kuma ce ta riga ta san tushen matsalar. Direbanta ne, wani Malam Isuhu, da ya daɗe yana mata aiki. A ganinta zuƙe man yake yi ya sayar, ya cika tankin da gurɓataccen na bakin hanya.

Ya rantse mata, ba ta saurara ba. Ta karɓe makulli a gaban ma'aikata, ta sallame shi tun kwanakin baya.

Makanikin, Oga Sallau, ya buɗe gaban motar. Ya jona kwamfuta, ta nuna matsala a sensa.

Wata 'yar na'ura ce da ke manne a jikin inji, tana sauraron ko yana ƙwanƙwasa. In ƙwaƙwalwar mota ta daina jin ta, sai ta rage wa injin ƙarfi don kada ya lalace, mai kuma ya riƙa tafiya.

Ya tsiyayi man tankin ya duba. Lafiya lau.

Ya kwance sensar ya gwada. Ita ma ƙalau.

Sai ya bi wayarta da yatsa, a hankali, har can ƙasan inji. Ya tsaya. Ya zaro hannu da guntun waya a gaigaye.

"Hajiya, ina motar nan take kwana?"

"Jikin sito, inda muke ajiye fulawa."

"To, ba direba ba ne. Ɓera ne."

Ya haɗa wayar, ya naɗe ta, ya tayar da mota. Ƙarfinta ya dawo.

Hajiya ta koma gefe ta kira Malam Isuhu. Wayar a buɗe take, duk muna ji.

Ya gaishe ta cikin ladabi, ya saurare ta har ta gama. Ya ce ya yafe. Amma ya kama aiki a Funtuwa, ya ma kwashe iyalinsa, don a unguwarsu har yara sun fara kiran 'ya'yansa 'ya'yan ɓarawon mai.

Ta daɗe riƙe da wayar bayan ya kashe.

Darasi: Kafin ka ɗora wa mutum laifi, ka fara bincike, ka kuma fara daga cikin gidanka. Wayar mota tana haɗuwa nan take. Sunan mutum in ka ɓata shi, ba ka da ikon gyara shi.

Ka tura wa duk wanda ke da ma'aikaci a ƙarƙashinsa.