Rantsuwar da aka yi wa Likita a ƙofar asibiti

Shekara biyar ke nan da rasuwar mijina, Dakta Nasiru, wanda nake kira Abban Hanifa, mutanenmu na Kuala Lumpur kuma suke kira Likita kawai, sai ka ce shi kaɗai ne a garin. Na sha ɗaukar biro in rubuta wannan, ina ajiyewa. Abin da ya tunzura ni bana shi ne katin da 'yan uwanmu mazauna nan suka aiko mini: za a yi taron tunawa da shi a Setapak, kuma Alhaji Bala, shugabansu, shi ne zai yi jawabi.

Ƙaro ilimi ya kawo Abban Hanifa ƙasar nan, aka sa shi a sashen gaggawa na wani asibiti, inda ake karɓar waɗanda suka yi hatsari. Mutum ne mai yarda da mutane har abin ya ba ka haushi. In ka ce masa wallahi, magana ta ƙare. Wayarsa ba ta hutawa. Muna cin abinci a shagon mamak, gidan abincin Indiyawa Musulmi na nan, sai wani ya jawo kujera ya shimfiɗa masa takardar gwajin surukarsa kusa da faranti, shi kuwa ya goge hannu ya duba. Na sha yi masa tsiya cewa ni asibiti na aura.

Da annobar numfashi ta shigo, shi ya fahimtar da ni inda hatsarin aikinsu yake. Mai tari yana tona kansa tun daga ƙofa. Wanda mota ta buge kuwa a sume ake kawo shi, ba bakin magana. In numfashinsa yana yankewa, dole likita ya sunkuya a kan fuskarsa ya zura masa bututu a maƙogwaro, duk abin da ke ƙirjin mutumin yana fesowa a fuskar likitan. Cikakkun kayan kariya suna cin mintoci kafin a gama sa su, jini kuwa ba ya jira. Saboda haka a farkon abin suna dogara da bakin wanda ya rako majinyaci: ya yi zazzaɓi? Yana tari? Amsar ita ce take nuna ɗakin da za a shiga da shi da irin shigar da za a yi masa.

Ba sakaci gare shi ba. Gemun da yake ji da shi ya aske don takunkumi ya kama fuskarsa sosai. A bakin ƙofa yake tuɓe kayan aiki, a falo yake kwana, 'yarmu Hanifa daga nesa take ba shi labarin ranarta.

Wata rana da azahar aka kawo Malam Isiyaku, ɗalibi ne daga cikinmu, ya faɗi da babur ya fasa kai. Alhaji Bala ne ya biyo shi, kuma kamar yadda muka saba, tun a hanya ya kira namu Likitan. Ma'aikaciyar jinya ta yi tambayoyinta da Turanci, ya ce babu. Abban Hanifa ya sake tambayarsa da Hausa.

"Alhaji, tsakaninka da Allah, ba zazzaɓi, ba tari?"

"Wallahi, Likita, ƙalau yake, babur ne kawai. Don Allah ka yi sauri."

Ya shiga da ɗan takunkumin da ke fuskarsa, ya sa bututun, Isiyaku ya rayu. Da murnarsa ya ba ni labari ran nan. Bayan kwana biyu gwajin Isiyaku ya fito da cutar. Sai ta kama Abban Hanifa, ta kama Kak Rosnah, ma'aikaciyar jinyar da ta riƙe masa kan majinyacin. Ita ta tashi. Shi abokan aikinsa ne suka zura masa irin bututun nan, bai sake magana ba. Waɗansu mutane cikin fararen riguna suka binne shi, ni ina kallo ta waya a gidanmu na Cheras.

Na ce ƙaddara ce, na rungumi haƙuri, na ci gaba da karatuna don yara. Alhaji Bala ya fi kowa zirga-zirga a lokacin, har na riƙa sa masa albarka. Sai bayan shekara biyu, da su Isiyaku za su koma gida, matarsa Maman Walid ta zo sallama. Ta ƙi zama a kujera, ta durƙusa a ƙofar kicin.

"Anti, ki yafe mana. Kwana huɗu yana zazzaɓi. Magani ya fita saya jiri ya kwashe shi. Alhaji ya sani. Shi ya ce mu yi shiru, kada hukuma ta kewaye mana bene da waya mai ƙaya a kulle kowa."

Ban yi kuka ba a gabanta. Washegari na sami Alhaji a gidansa, na maimaita masa abin da na ji. Bai musa ba. Ya ce, "Hajiya, wa'adi ne. It's past lah, abin ya wuce. Kada ki tada fitina cikin jama'a." Kafin mako ya zagayo matan manya sun yi ta kirana ɗaya bayan ɗaya suna ba ni haƙuri, a nan na gane da yawansu sun daɗe da sani. Waɗannan su ne suka zauna da ni kwanakin takaba, suna dafo mini abinci, suna kallon idona. Wannan ya fi maganar Alhaji ci mini rai.

Na san wa'adi, ba a bakin Alhaji na fara jin sa ba. Amma wa'adi bai yi rantsuwa ba, mutum ne ya yi. Na kuma san tsoron da ake ciki a lokacin, ni ma na ga benayen da aka rufe, na san baƙo ya fi kowa fargaba. To amma ba sai ya yi shela ba. Da Hausa aka tambaye shi, babu mai ji a wurin sai su biyu. Kalma ɗaya ta isa Likita ya tsaya ya sa kayansa. Ya zaɓi ya rufa wa bene asiri da ran mutumin da ya kira don ya taimake shi. Cin amana ne, ba ni da wani sunan da zan ba shi.

Ina tambayar kaina me Abban Hanifa zai ce da ya ga yau, an koma cunkoso a jirgin ƙasa, ana tari ba mai juyowa, an manta da irinsa kamar ba a yi ba. Na san halinsa. Zai yafe, ya je taron, har ya yi wa Alhaji barkwanci. Wannan ma haushi yake ba ni. Ni ba shi ba ce. Na mayar wa masu katin da amsa cewa ba zan zauna ana yabon mijina da bakin da ya yaudare shi ba, sai in za a faɗi gaskiya a gaban jama'a. Har yau ba wanda ya kira ni.

Kak Rosnah tana nan a sashen, sai dai hawa bene ɗaya yana sa ta haki. Nakan kai mata ziyara da Sallah, ban da Alhaji, ita kaɗai na taɓa gaya wa abin da Maman Walid ta faɗa. Ta ce yanzu duk wanda aka kawo cikin jini, sai sun yi cikakkiyar shiga kafin su sunkuya a kansa, ko uwarsa ce ta rantse. Ta ce in sababbin likitoci suka yi ƙorafin ɓata lokaci, takan ba su labarin wani baƙon likita da ɗan garinsu ya ce masa babu komai.

Abin da ya rage nasa a wurin aikinsa ke nan, ƙa'idar kada a yarda da dangin majinyaci. Kak Rosnah ta ce ƙa'idar tana ceton rayuka, kuma ban musa mata ba. Allah ya kai ladan kabarinsa. Ni dai da za a tambaye ni, na fi son a ce yana nan da ransa, ya koya musu da bakinsa.