Farar tutar Baba Sale

Ku da kuka zauna a Birnin Kudu a wancan zamani kun san ba a tambayar ko damina ta tafi. A leƙa ƙofar gidan Baba Sale Masinja kawai. In an ga igiya daga bishiyar darbejiya zuwa zaure, tutoci na rataye a jere yana zagaya su da 'yar bulalar korar awaki, to ruwa ya ɗauke. Shagon ɗinkina yana jikin gidansa, saboda haka duk hujin da asu ya yi musu ni nake yi wa faci, kyauta kuma, don a cewarsa aikin gwamnati ne.

Shi ne mai ɗaga tuta a ofishin En'e. Da aka samu 'yancin kai aka ce ya sauke ta Turawa ya yar, sai ya murza yadin tsakanin yatsunsa ya ce Bature ne ya yi laifi, yadi bai yi komai ba. Ya ninke ya kai adaka. Daga nan ciwon ya kama shi. Ta Jihar Arewa ta bi sahu, ta Jihar Kano ma da aka daina ɗagawa ya kwaso. Har Gwaram ya taka a keke don ya ji an bar wata a sito, ya dawo da tsumman da ɓera ya ci rabi, yana murna kamar an yi masa haihuwa.

A ƙarshen igiyar kuwa kullum akwai wani farin yadi, babu zane, babu kalmasa, babu inda za a zura igiya. Wannan ita ta hana ni sakat. Na tambaye shi ta wace gwamnati ce, ya ce wadda ba ta hau ba tukuna. Na ce ya kawo in kalmashe bakinta a keke, ya ce: "Ba a sa mata keke. Amma ranar da za a ɗaga ta, kai za ka ɗinka."

Wata shekara matarsa Inna Hansatu ta rasa tabarma, ta shanya kuɓewa a kan tutar Turawa. Muka taru muna jiran a yi tashin hankali. Ya daɗe tsaye yana kallo, sannan ya ce mutanen da suka karɓi harajin ubansa ne yau a ƙarƙashin kuɓewa, a bar su su ɗan ji rana. Miyar ma sau biyu ya nemi ƙari.

Lokacin soja ne abin ya so ya yi tsami. Wani kofur ya tsayar da mota, ya nuna ta Turawa da baki, ya tambaye shi bayan wace gwamnati yake bi. Ni dai na riga na shige ƙarƙashin keken ɗinki. Baba Sale ya ƙame ya sara masa.

"Ranka ya daɗe, wadda ke kan sanda ita ce gwamnati. Waɗanda ke kan igiya wanki ne."

Kofur ya yi dariya, ya tambayi farar. Na miƙo kunne daga maɓoyata, na ce yau dai zan ji. Shi ma amsar da aka ba ni aka ba shi.

Babu hasashen da ban yi ba. Na ce ta jam'iyyar da yake shirin kafawa ce. Na ce ta mutanen da ce, kafin Turawa. Kowanne sai ya ce na kusa, ya miƙo mini wani facin.

Ranar da ya rasu, da hantsi Inna Hansatu ta aiko mini da farar a ninke, da allura da farin zare a kai. Shekara talatin ina yanka likkafanin mutane, amma don na ga nasa rataye cikin tutoci ban taɓa gane shi ba. Na ji kunya, na yi dariya, sannan kuka ya ƙwace mini. Da hannu na ɗinka, kamar yadda ya ce, kuma ina cikin waɗanda suka ɗaga.

Allah Ya jiƙan Baba Sale, Ya sa ya tarar da mulkin da ya yi ta jira da rahama. Mu kuma Ya sa tamu farar ta same mu a shirye.