Tsagar Malam Sanda

Duk wanda ya zauna a Abakpa wajen 1988 ya san Malam Sanda, masinjan ofishinmu, maƙwabcina kuma. Babarbare ne, amma tun yana ƙarami aka kawo shi Kaduna, har yaren ya zube masa, sai gaisuwa. Abin da ya rage masa na Barno shi ne tsagar fuskarsa, dogayen layuka tun daga goshi har haɓa. Yana ji da ita ƙwarai. In ya idar da alwala sai ya tsaya yana shafa ta, ya ce irin ta mahaifinsa ce da kakansa, ya sa an yi wa ɗansa Abubakar, kuma in Allah ya ba shi jika, shi ma sai an yi masa.

Ba ya shan taba, ba ya zuwa silima. Jarabarsa ɗaya ce, wata mujallar zane mai suna "Jini a Kwalta" da ke fitowa wata-wata. Ni dai ban taɓa ganin abin so a cikinta ba. Yau an yanka direba a bakin hanya, gobe an tsinci gawa a kwata, jinin ma baƙi ƙirin don ba su da kala. Amma ranar da ta fito, Malam Sanda zai taka kekensa har tashar Kawo, ya zauna a bencin mai jarida ya karance ta tas, yana yi yana tsaki. Mugun da ke cikin labarin sunansa Gatari, kullum fuskarsa a naɗe da ƙyalle, ba wanda ya san kamanninsa.

"Ranar da aka kware fuskar la'anannen nan," in ji Malam Sanda, "wallahi sai na yi sadaka."

Ai kuwa an kware. Ina wurin, na raka baƙo tasha. Na ga ya buɗe shafin ƙarshe ya ƙura masa ido, sai na leƙa. Ga Gatari riƙe da wuƙa, ga tsagar Barebari reras, ga wushirya, har da ɗan tabon da ke kunnen hagu. Ba kama ba ce, Malam Sanda ne aka ɗauka aka ɗora a takarda.

'Yan kamasho suka fara kwashewa da dariya. Kafin a ce me, sunan ya bi shi har ofis: "Gatari, kai wannan fayil sama." Mutumin da ko kaza sai ya kai wa mahauci ya yanka masa! A layinmu da idona na ga wata mata ta janye 'yarta daga hanya don zai wuce.

Mai zanen ba baƙo ba ne. Wani saurayi ne, Jibrin, mai yawan zama kusa da mai jaridar da takarda da fensir, yana gaida Malam Sanda har da rusunawa. Ashe satar fuska yake yi. Muka nemi ɗakinsa a Mando, na raka Malam Sanda, ni a zatona haƙuri za a ba mu.

Da ya gama jin ƙorafin, sai yaron nan ya fashe da dariya. "Haba Baba! Ni fa Bafulatani ne. In ban zana bawana Babarbare ba, wa zan zana?"

Nan ya ɗaure shi. Tsakanin Fulani da Barebari akwai wasa tun kaka da kakanni. Kowa na kiran ɗan'uwansa bawa, a zage ka ka rama, amma ka yi fushi abin kunya ne. Malam Sanda kuwa gwani ne a nan, ba mai tallar nonon da ke wuce ƙofarsa bai tsokane ta ba. Yanzu da wane baki zai ce an ɓata masa rai? Na ga ya ƙaƙalo murmushi.

Ni kam raina ya gama ɓaci. Na ce, "Kai yaro, wasa ido da ido ake yi, inda mutum zai iya ramawa. Kai ka buga a takarda ka watsa wa duniya. Shi da me zai rama? Da keken?"

Malam Sanda da kansa ya riƙe mini hannu. "Bari, Malam. Abokin wasana ne."

Har yau in na tuna maganar nan sai na ji zuciyata na tafasa. Al'adar da aka kafa don kada a yi gaba, ita ɗan iskan nan ya mayar makami, ya ci mutuncin dattijo, ya kuma hana shi ko kukan abin. A fitowa ta gaba Gatari ya tsere daga hannun 'yan sanda, ya ci gaba da kisa, wannan karon fuska a buɗe. Mujalla ta ƙara kasuwa.

Malam Sanda ya daina zuwa Kawo. Ya daina tsokanar masu nono. In ya yi alwala sai ya sa hularsa ya shige masallaci kansa a ƙasa.

Ana nan sai Larai, matar Abubakar, ta haifi namiji. Ranar suna da safe muna zaure, wanzami ya aske wa jariri kai, sannan ya zaro wata ƙaramar aska ya dubi kakan.

"Malam, irin ta gida ko?"

Malam Sanda ya karɓi jikan, ya daɗe yana kallon kumatun nan sumul. Abubakar na tsaye a gefe da tasa tsagar, yana jira.

"Mayar da askarka," in ji Malam Sanda. "A bar masa fuskarsa haka."