Ƙasar Auyo a Cikin Gwangwanin Shayi

Malam Sale ya rasu.

Da hantsin nan labarin ya same ni, ina bakin ƙofar aji zan shiga lakca. 'Yarsa Hajara ce ta kira. Ko gaisawa ba mu yi ba, cewa kawai ta yi, "Yaya Isiyaku, Baba fa ya tafi." Sai layin ya ɗauke.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na sallami ɗalibai na dawo ɗaki. Ina nan Bangaladash, a wani gari na bakin teku, inda nake koyarwa tun lokacin da aiki ya ƙi ni a gida. Tun jiya ake ruwa bai ɗauke ba. A kan teburina akwai wani tsohon gwangwanin shayi, shi nake ta kallo. Zan gaya muku abin da ke ciki, amma sai kun fara sanin wanda ya ba ni shi.

Malam Sale shi ya koyar da mu tarihin Asiya a jami'a. Mutumin wani ƙauye ne a fadamar Auyo. 'Yan aji suna kiransa Malam Bama a bayan idonsa, da sunan ƙasar nan ta Asiya. Ya sani, bai taɓa nuna ya sani ba.

Ranar farko da na zauna a ajinsa wani ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, mu da ba mu gama sanin tarihin Hadejia ba, me ya kai mu Indiya?"

Ya dube shi ta saman tabarau. "Baturen da ya sa wa kakanka haraji, a ina kake zaton ya koyi sana'ar? A Indiya ya gwada mulki ta hannun sarakuna, ya ga ya yi masa sauƙi, sannan ya ɗauko ya kawo mana. Kwance aka sayar maka, kana zaton sabo ne. Zauna."

Tun ranar na bi shi.

Ba zan yi muku ƙarya don ya mutu ba. Malam yana da wuyar sha'ani. Ya dawo min da babi guda na digirina na biyu har sai da na tsani ganin jan biro. In ya ga ba ka karanta ba, a gaban kowa zai faɗa. Akwai waɗanda suka bar sashenmu saboda bakinsa, kuma ba duka ne ragwaye ba.

Amma shi ne mutumin da ya shigo kwalekwale da damina ya zo ta'aziyyar mahaifiyata, wandonsa a naɗe har gwiwa.

Shi ne ya koya min baƙaƙen Bangali a ƙasan tsakar gidansa da tsinke, shi da ya koye su bayan furfura ta fito masa.

Shi ne kuma duk wanda ya ji zai zo wannan nahiya, ko ɗan kasuwa ko mai zuwa asibiti, sai ya ɗora masa ƙullin kuka da daddawa da busasshen kifi, ya ce a nemi Isiyaku a ba shi. Wani har Indiya ya kai saƙon, yana zaton nan da can tafiyar acaɓa ce.

Yanzu ga abin da yawancinku ba ku sani ba.

Malam bai san mahaifinsa ba. Yana goye aka tafi da uban. Zamanin Turawa ne, lokacin yaƙin Bama, aka aiko wa mai gari cewa ya kawo mutane. Mai gari ya duba waɗanda ba su da mai tsaya musu, ya nuna. Mahaifin nasa, Malam Audu, manomin shinkafa ne, yana kamun kifi in ruwa ya cika. Aka ɗauke shi shinkafarsa na tsaye ba a yanka ba. Bindiga ma ba a ba shi ba. Dako aka kai shi ya yi, ya ɗauki kayan sojoji a ka cikin dajin da bai taɓa jin sunansa ba.

Bai dawo ba.

Ina digiri na biyu Malam ya ce in raka shi Kirikasamma. Akwai wani tsoho, Baba Modu, wanda suka tafi tare da mahaifinsa, shi Allah ya dawo da shi. Muka same shi a gindin bishiya yana gyaran komarsa ta kamun kifi, idonsa ya fara tafiya.

"Wane ne?"

"Ni ne Sale, Baba. Ɗan Audu."

"Audun wa? Audu ai sun fi kifi yawa a garin nan."

"Audun da kuka bari a can."

Tsohon ya ajiye komar. Ya ce Malam ya matso, ya shafa fuskarsa da tafin hannu, ya ce, "Goshin ne. Wallahi goshin ne. Taurin kan ma na san ka gada."

Ya ce ba harsashi ba ne, ciwon ciki ne ya kashe shi. Su 'yan ƙasar Hadejia da ke cikin ayarin suka roƙi Bature ya bar su su binne nasu da kansu. Suka yi masa wanka, suka naɗe shi da bargon soja, suka yi masa salla.

"Ɗan Audu, ba mu yasar da ubanka ba," in ji shi. "Mu mutanen ruwa ne, mun san inda ake ajiye gawa. Muka samu tudu a bakin kogi, daidai inda wani ƙaramin rafi ya shigo, ga ɗakin bautar mutanen ƙasar mai tsini a kan dutse a tsallake. Muka duba jikin itatuwa, babu shatin ruwa. Ga suri a tsaye, gara ba ta gini inda ruwa ke kwana. Na ce da su nan ko a gida ne ya yi. Kabarin nan yana nan, ko yau ka je."

Sannan ya ce, "Abu ɗaya ne ke damuna. Ƙasar da muka zuba masa ta wasu ce."

Muka kamo hanyar dawowa Hadejia.

A ranar na gane dalilin karatun. Duk littattafan nan a kan sarakunan Bama, da addinin Buda, da yadda Bature ya mayar da ƙasar rumbun shinkafarsa, mutum ne yake son ya san ƙasar da ta riƙe masa uba. Kuma bai yi karatun da ƙiyayya ba. Ya sha ce mana manomin can da na Auyo hannu ɗaya ne ya shaƙe su.

Bayan wasu shekaru hanya ta buɗe, ya je Bama. Ya dawo ya rame, kowa ya tambaye shi sai ya ce tafiya ta yi kyau. Amma a zangon karatun nan ya ƙaro wata lakca a kan koguna. Har yau ina jin muryarsa: "Ruwanmu na gida sallama yake yi. Yana hawa a hankali, ya bar shati, ya koma. Kogin can ba ya hawa tudu. Ta ƙasa yake cinsa, ya zaftare shi, ya kwashe ya kai teku."

Muka rubuta don jarrabawa. Babu wanda ya gane a kan wa yake magana.

Daga baya aka soke kwas ɗin. Aka ce ba shi da amfani ga ƙasa. A wurin mitin wani farfesa ya ce in Malam yana son ɗalibai, ya koma koyar da finafinan Indiya. Aka yi dariya. Ina wurin, na ga waɗanda suka yi dariyar, kuma tun ɗazu ina ganin wasunsu suna rubuta "mun yi babban rashi."

Ba zan kama suna ba. In an bi gaskiya, ɗalibai sun ragu, kuma Malam bai iya lallashi ba, ya zagi waɗanda da sun taimake shi. Amma ku bari in faɗa: kun san darajarsa tun yana da rai, kuka zaɓi dariya.

Da kwas ya tafi, gurbina ma ya tafi. Rashin gurbin ne ya turo ni nan. Iyalina suna Hadejia, ni ina nan ina cin shinkafa da barkono, ina tsufa a cikin harshen wasu.

Haɗuwarmu ta ƙarshe, hutun da na je gida ne. Ya koma ƙauye, ƙafa ta ƙi. Na same shi a zaure a kan tabarma, ga rediyo a gefe.

"Ɗan Bangali, ka yi baƙi. Ba sa ba ka abinci ne?"

"Suna ba ni, Malam. Tuwo ne babu."

"Ka ji shi. Mutum ya ƙetare teku yana kukan tuwo."

Ya sa Hajara ta miƙo gwangwanin nan. Na buɗe, sai na ga baƙar ƙasa, irin ta fadama. Ya ce daga gonar mahaifinsa aka ɗebo, wadda aka bar shinkafarta a tsaye.

Na ce, "Malam, in Allah ya yarda har kan kabarin zan kai."

"Wane kabari, Isiyaku?"

Bai jira amsata ba, ya ci gaba.

"Na je. Na ga rafin, na ga ɗakin bautar a kan dutse. Inda tudun yake, kwalekwale na hau na wuce ta kai. Su Baba Modu ba su yi ganganci ba. Da idon kogin Hadejia suka duba kogin wasu." Ya gyara zama. "Ban gaya wa tsohon ba har ya rasu. Me zan ce masa?"

Sannan ya ce, "Abin da ya tsaya min, hannu rabbana na je. Na yi shekaru ina karatun ƙasar, ban yi tunanin in riƙe masa damƙi ɗaya na ƙasar gida ba. Kai kana kusa. Ka je bakin kogin ka zuba masa. Ina son in ji an yi kafin in tafi."

A filin jirgi ɗan kwastan ya buɗe gwangwanin, ya shinshina, ya dangwala da yatsa. Na ce masa ƙasar kabari ce. Ya rufe da sauri ya miƙo min da hannu biyu.

Na nemi shiga Bama. Allah shi ne shaida na nema. Yaƙi ake yi a wannan yankin, an rufe iyaka. Na je ofishin biza suka ce in dawo, na dawo suka ce ba a zuwa. Na hau mota har bakin iyaka, na tsaya ina hango duwatsun ƙasar, ga mutanenta suna tsallakowa da tukwane da tsofaffi a goye. Suna gudun inda nake roƙon a bar ni in shiga.

Duk wayar da muka yi, bayan gaisuwa tambayarsa ɗaya ce. "An buɗe?"

"Tukuna, Malam."

"To. Allah ya buɗe musu, sun fi mu buƙata."

Bai ji an yi ba.

Na sake samun Hajara ɗazu. Ta ce ruwa ya shiga maƙabartar ƙauyen, sai an ɗauke shi a kwalekwale an kai shi tudu, don haka sai bayan azahar za a yi jana'iza. A nan lokacin rana tana faɗuwa.

Ina zaune ina kallon gwangwanin nan, sai lakcarsa ta dawo min. Ya kwashe ya kai teku. Tekun da kogin can yake zubawa shi ne wannan da nake jin ƙararsa daga taga. In Malam ya faɗi daidai, kuma a kan koguna ban taɓa kama shi da kuskure ba, to tudun da aka binne Malam Audu ya daɗe da isowa nan. Ni ne nake ta neman hanyar zuwa inda ba ya nan.

Don haka in na yi la'asar zan ɗauki lema in sauka bakin ruwa. Lokacin da kuke saka ɗan a ƙasa, ni zan zuba wa uban tasa.

Don Allah kada kowa ya biyo ni da fatawa a ƙasan rubutun nan. Ban ce ibada ba ce. Saƙo ne aka ba ni.

Ga roƙona. Duk wanda ya karanta wannan yana Hadejia, ko Auyo, ko Kaugama, in zai iya samun kwalekwale, ya je. Ku duba tudun da kyau, kada ku tsaya a shatin itatuwa, ku leƙa gindinsa ta wajen ruwa. In an zo zuba ƙasa, wani ya ƙara damƙi ɗaya ya ce na Isiyaku ne.

Ya Allah, ga bawanka Sale ɗan Audu ya zo maka. Ka yafe masa kaifin bakinsa, ka karɓi karatunsa, ka yalwata masa makwanci, ka tsare shi daga ruwa. Ka jiƙan Baba Modu da duk waɗanda aka kwasa daga fadamar nan ba a tambaye su ba. Ka haɗa shi da uban da bai taɓa gani ba, a inda ba a sake raba su.

Ku sa shi a addu'a. Ku ambaci Malam Audu ma, ya daɗe babu mai kiran sunansa.